Farar Shadda Cikin Tenere

Rigar aro ce ta fitar da ni daga Dakoro. Ranar sunan ɗiyata ta fari ba ni da rigar da zan tsaya gaban mutane da ita, sai Sanusi, ɗan wan babana, ya ara mani tashi. An shafa fatiha, an kawo tuwo, na miƙa hannu ke nan sai ya ɗaga murya daga can bakin tabarma.

"Lawali, naɗe hannun rigar nan, kar ka shafa mata miya. Jibi zan sa abata."

Aka kwashe da dariya. Surukina yana wurin, ya sunkuyar da kai. Ni ma na yi dariyar, don ba yadda zan yi, amma na janye hannuna daga tuwon. A ranar na ci alwashi, na kuma faɗa wa matata Tsahara: zan bar garin nan, kuma ba zan dawo ba sai da farar shadda tawa ta kaina, ɗinkin babban tela, in sauka mota da ita a tasha kowa ya gani. Wasu suna zuwa Libiya don su gina gida ko su sayi shanu. Ni riga ta kai ni.

A Agadas aka fara koya mani hankali. Muna jiran mota a wani gida da ake tara matafiya, sai wani mutum mai fara'a ya ji Hausata ya taso.

"Kai ba ɗan Dakoro ba ne? Ni ɗan Sabon Maci ne! Ɗan gida!"

Ya rungume ni kamar ciki ɗaya muka fito. Ya ce kar in kuskura in sayi bidon ruwa a kasuwa, cutata za su yi, shi yana da mai kyau, an riga an naɗe shi da buhu don ruwan ya yi sanyi, har ya cika mani shi. Na biya, na yi ta godiya har da rusunawa. Ban buɗe bidon nan ba sai da muka yi nisa cikin hamadar Tenere, muna bayan mota a cushe, ƙafafu suna reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa mashi tsakanin cinyoyi don kar ya faɗo. Ƙishi ya kama ni, na kafa baki. Gazuwal! Bidon mai ne, ko ɗauraye shi la'anannen bai yi ba. Na tofar, na yi amai, na zage shi, na zagi Sabon Maci baki ɗaya, Allah ya yafe mani, ban ma sani ba ko ya taɓa taka garin.

Kusa da ni akwai wani tsoho siriri, rawani ya rufe mashi baki. Sai da na gama haukata, sannan ya miƙo mani nashi bidon.

"Kurɓi kaɗan, ɗana. Hanya da saura."

Sunanshi Agali, mutumin Azagor ne, arewa da garinmu, Hausarshi da karin Buzanci. Ruwanshi muka sha har Dirku. Abu biyu na lura da su a wurinshi. Kullum hannunshi yana cikin aljihu yana kwashe ƙwallayen dabino ɗaya-ɗaya daga wannan aljihu zuwa wancan, leɓunanshi suna motsi ƙarƙashin rawani. Sannan akwai wata ƴar jakar fata da ya ɗaure a ƙugu, ko alwalla zai yi ba ya kwance ta. A raina na ce tsohon nan da abinshi, kuɗi ne ko zinariya.

Na tambaye shi, "Baba, da shekarunka, me za ka je yi Libiya?"

Ya ce, "Ɗana zan nema. Ya daina kira. Kai fa?"

Na kwashe labarin riga kaf na faɗa mashi, har da yadda surukina ya sunkuyar da kai. Ya waiwayo ya dube ni.

"Riga?"

"Riga, Baba."

"To. Allah ya sa ta yi maka daidai."

A Sabha, cikin Libiya, muka samu aiki tare a wata garkar dabino bayan gari. Ni ina ban ruwa da hawan icce, shi yana kiwon tumakin mai garka. Mutumin nan bai taɓa tambayar sunanmu ba, da suna ɗaya yake kiran duk baƙin da ke mashi aiki, kuma ko ruwa yake so a miƙo mashi sai ya yi tsawa. Ɗakinmu na tol ne, kwano sama da gefe, da rana ba ya shiguwa, lokacin ɗari kuma sanyi har cikin ƙashi. Abinci burodi da maka, wato makaroni, gobe maka da burodi. Wallahi akwai lokacin da in an ce in ba da yatsa ɗaya a ba ni ludayin furar Tsahara, da na miƙa hannu. In na samu na kira gida, sai ta kara wa yarinyar waya a kunne ta ce, "Ce Baba." Yarinyar ta yi shiru, don ba ta san ni ba.

Uwar mai garkar kuwa, wata tsohuwa mai ɗingishi, ita ce sanyin wurin. Ba ma jin maganar juna. Wata rana da la'asar ta kawo mamu shayi da kanta, irin nasu, da soyayyar gujiya a cikin kofin. Ina tauna gujiyar nan sai na ga gonarmu, na ga innata tana ɓare gujiyar iri a ƙofar ɗaki. Na juya baya kamar ina gyara tiyo, hawaye suna zuba. Tsohuwar ta dafa kafaɗata ta faɗi wani abu da harshensu, ta tafi.

Da hannuna ya ɗan yi nauyi sai na shiga gari wurin wani ɗan Mali mai butikin yadi. Na ce ya sauko mani da shaddar da ta fi kowace. Kai! Fara fat, tana ƙyalli, in ka taɓa ta sai ta yi ƙara don ƙarfi. Kusan duk gumina na rani da ɗari a kanta ya ƙare. Na kawo na buɗe wa Baba Agali gefe ɗaya, ina jiran ya yaba.

Ya shafa ta da bayan hannu ya ce, "Tana da kyau. A Maradi babu shadda ne?"

Na ce, "Akwai, Baba. Amma a Agadas zan ba tela, don in sauka Dakoro da ita a jikina."

Ya ce, "Uhm."

Tun daga ranar kwanciyar hankali ta ƙaurace mani. Ina bisa icce, hankalina yana kan jakar da na ajiye shaddar. Da safe in buɗe in duba, da marece in buɗe in duba. Wani abokin aikinmu ya matsar da jakar don ya share ɗaki, na ci kwalarshi, sai da aka raba mu. Na rame, abinci ma ba ya mani daɗi.

Shi kuwa Baba, duk Juma'a sai ya shiga gari da hoton ɗanshi yana nuna wa mutanenmu. Wata Juma'a ya dawo da wuri, ya zauna gindin dabino bai cire takalmi ba. Na je na durƙusa.

"Baba, lafiya?"

"Na same shi."

Wani mutumin Tanut ne ya gane hoton. Ya ce yaron ya daɗe da rasuwa, ciwo ne ya kama shi a wani shantiye da yake aikin gini. Ba ɗan ƙasarmu ko ɗaya a wurin. Wasu leburori ne na wata ƙasa suka yi mashi wanka, suka haɗa abin hannunsu suka sayi likkafani, suka kai shi. An nuna wa Baba maƙabartar, amma ba wanda ya san wane ne kabarin.

Na yi mashi gaisuwa. Sai na ga ya kwance jakar fatar nan da na daɗe ina yi wa zato. Ya zaro abin da ke ciki ya shimfiɗa a cinya. Alawayyo ne, farin yadi na talaka, ya sha ninki har ya yi layi-layi.

Ya ce, "Mu mutanen daji, in tsoho zai yi tafiya mai nisa, da likkafaninshi yake tafiya, kar ya ɗora wa baƙi nauyi. Na ce ko ni ko shi, wani zai buƙace shi. Ashe wasu sun riga ni suturta shi. Ban san sunansu ba, ban san harshensu ba, ban san inda zan je in yi masu godiya ba."

Na dubi alawayyon. Ga shi da farin yadinshi cikin jaka, ga ni da nawa. Ya ninke ya mayar, ya sa hannu cikin aljihu ya ci gaba da kwashe ƙwallayenshi, hawaye suna bin rawani amma leɓen bai tsaya ba. Ni da ba a yi mani mutuwa ba na kasa zama wuri ɗaya, shi da aka yi wa yana zaune daram. Abin ya tsaya mani a rai. Bayan an kwana biyu na same shi wurin tumaki.

"Baba, me kake faɗa da ƙwallayen nan?"

"Ba wani abin ɓoyo ba ne. Istigfari, salati, hailala. Bayan asuba da bayan la'asar nake zama, sauran lokaci kuma duk inda na samu."

"Ni ma ina so."

Ya dube ni, ya duƙa ya tsinto ƙwallaye a ƙasa ya cika mani tafi. Ya ce in fara da istigfari kaɗai, kar in yi gaggawa, kuma ko ran da ba na so, in daure in zauna.

Tabɗi! Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Baki yana cewa astagfirullah, zuciya tana wurin tela tana zaɓen aikin wuya, ko zare fari ko ruwan zinariya. Kafin in farga ƙwallaye sun ƙare, ni kuwa ina tashar Dakoro ina gyara hannun riga gaban Sanusi. Na je na ce mashi, "Baba, ni abin nan ba zai yi mani ba. Bakina ne kawai ke yi."

Ya yi dariya, karo na farko tun mutuwar. "Ka taɓa kiwon akuya? In ta shiga gonar mutane ba yanka ta ake yi ba. Jawo ta ake yi. Ta koma, ka sake jawo ta. Aikin ke nan."

Haka na yi ta jawo akuyata. Ba zan ce ga ranar da abin ya canza ba. Na dai lura tsawar mai garka ta daina kwana a raina. Na je na ba wanda na ci wa kwala haƙuri. Wata rana ina neman allura na jawo jakata daga ƙarƙashin katifa, sai na tarar gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Na tsaya ina kallo, na kasa tuna ran da na buɗe ta na ƙarshe. Amma kar in yi ƙarya, da na buɗe na ga ƙyallin nan, sai da zuciyata ta yi tsalle. Alwashina yana nan.

Tari ya kama Baba, ya ce gida yake so, yana da ɗiya a Azagor da bai gaya wa mutuwar ɗan'uwanta ba, don ba maganar waya ba ce. Na ce tare muka zo, tare za mu koma. Muka hau wani kamyo, babbar mota, da aka loda wa kaya har sama, mu kuma bisa kayan.

Mun wuce Dirku, mun shiga inda ba icce ba tsuntsu, sai mota ta yi pan, ta lalace. Direba ya kwance wani ƙarfe, ya bi wata ƙaramar mota da ta zo wucewa, ya ce yanzu zai dawo. Yanzun nan ta zama kwana da kwanaki. Muka koma ƙarƙashin kamyo muna bin inuwa, ruwa kuma da murfin bido ake auna wa kowa. Mutane suka daina hira. Wasu suka fara faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wanda ya fara rasuwa wani mutum ne daga ƙasashen kurmi. Ba ya jin Hausa, ba wanda ya san sunanshi, mun dai ga yana bin mu salla. Aka ce a tona rairayi a sa shi da kayan jikinshi. Sai na ga Baba Agali yana kwance jakar ƙugunshi. Na riƙe mashi hannu.

"Haba, Baba! Dubi yadda kake tari. Kai fa?"

Ya ce, "Sake ni, Lawali. Wannan ma yana da uba a wani wuri."

Da alawayyon Baba aka rufe baƙon nan.

Bai daɗe ba shi ma ya kwanta. Na riƙa jiƙa bakin rawani da rabona na ruwa ina ɗiga mashi. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ya yafuto ni. Ya juye ƙwallayen aljihunshi cikin hannuna, ya ce in na isa in nemi ɗiyarshi in gaya mata inda yake da inda ɗan'uwanta yake. Sannan ya ce, "Ja mani hailala, bakina ya bushe." Ina ja yana bi, ina ja yana bi, har na ji ni kaɗai nake yi.

Wani dattijo cikinmu mai ɗan karatu ya ce tunda ba yadi, a naɗe shi da rawaninshi da bargo, lalura ce, Allah ya gani. Gaskiya ya faɗa. Kuma duk motar nan ba wanda ya san abin da ke cikin jakata, wanda ya sani shi ne kwance. Da na yi shiru, ba mai zargina.

Na ɗauki jakar na zagaya bayan kamyo na zauna. Na ga tashar Dakoro. Na ga Sanusi ya saki baki, na ga surukina ya ɗago kai. Na tuna hawan dabino, da ƙayar da ta tsaga mani tafin hannu, da tsawar da na haɗiya. Zuciyata ta ce, kai Lawali, mamaci ina ruwanshi da shadda? Bargo ma sutura ce. Na ciro ƙwallayen na fara istigfari, ƙwallaye suna zubewa cikin rairayi ina tsintowa. Na jawo zuciyar, ta kuɓuce, na sake jawo ta. Can sai na tuna bidon da aka miƙo mani ba a san ko ni wane ne ba. Na miƙe.

Da na warware shaddar a rana sai da mutane suka kare ido. Wani ya ce, "Kai, wannan ai kayan alhazai ne! Cikin rairayi za ka sa ta? Ka haukace?"

Na ce, "Ara mani wuƙarka."

Ba ruwan wanka, sai taimama dattijon ya yi mashi. Shaddar ta yi tauri, ta ƙi lanƙwasa, muka kama ta mu huɗu muna murzawa da hannu har ta yi laushi. Na sa wuƙa na tsaga baki, na ja. Ƙarar yagewar nan har yau tana kunnena. Na tsaya ina jiran in ji zafin rasa riga, ban ji ba. Kukan da ya zo mani na Baba ne. Muka tona da kwanonin cin abinci, rairayi yana komawa muna sake kwashewa, muka yi mashi salla muka kwantar da shi kusa da baƙon. Ta yi mashi daidai, har da saura.

Direba ya dawo washegari.

A Agadas ina da ɗan abin da ya rage. Na bi ta layin masu yadi, na tsaya ƙofar wani tela. Zai ishe ni wata shaddar, ko ba ta kai waccan ba. Na daɗe tsaye ina laluben son nan cikin raina, kamar mai laluben haƙorin da aka cire, ban same shi ba. Na sayi takalmi na yarinya, da zane na Tsahara, da shayi da sukari na gaisuwar mutuwa.

Da wata koɗaɗɗiyar riga mai yagaggen aljihu na sauka tashar Dakoro. Ba wanda ya waiwayo. Tsahara ta dubi jakata, ta dube ni, don ta san alwashin. Da na ba ta labari ta share ido da bakin zane, sannan ta tashi ta dama mani fura.

Da marece Sanusi ya zo sannu da zuwa, da mutane cike da zaure.

"Mutanen Libiya! To ina rigar da muke ta jin labari?"

Na ce, "Na ba wani, Sanusi. Ya fi ni buƙata."

Ya yi dariya ya ce in Juma'a ta zo in aiko a karɓi tashi. Na ce na gode, kuma har cikin raina na faɗa. Na aika, na sa, na naɗe hannun da kaina.

Na je Azagor na sami ɗiyar Baba. Na faɗa mata mutuwa biyu a zama ɗaya, abin da ban taɓa fatan bakina ya ɗauka ba. Da ta natsu, tambaya ɗaya ta yi mani: "An samu abin rufe shi?" Na ce an samu, fari ne, sabo.

Yanzu ina noma gonarmu. Bayan asuba da bayan la'asar ina zama da ƙwallayen Baba, sun yi sulɓi don shafa. Akuyar har yau tana shiga gonar mutane, ina jawo ta.

Ranar kasuwa bayan girbi na je wurin Alhaji mai yadi, na ce ya yanko mani alawayyo. Ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Inna lillahi. Lawali, wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa, Alhaji. Nawa ne. Amma ƙara mani tsawo kaɗan, ban san wanda zai riga ni buƙatarshi ba."